Tire Ɗaya Muke Ci, Ban San Yunwa Tana Kashe Ƙanwata Ba

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa a kan wannan labari, domin ni mutum ce da ba ta iya faɗin magana sai ta juya ta, ta sake juyawa, kuma wannan hali nawa yana cikin abin da ya kusa jawo mana rashi. Ba zan ambaci sunan kowa ba. A lokacin da abin ya faru ban daɗe da gama jami'a ba, inda na karanta ilimin halittu, na yi bautar ƙasa, ina zaman jiran aiki a gaban iyayena. Shekarun nan ne da aka kwaso ma'aikatan gwamnatin tarayya daga Legas aka dawo da su Abuja, mahaifinmu yana cikinsu. Aka ba shi gida a wani bene a Garki. Abujar wancan lokaci ba wannan ba ce. Tituna ne masu faɗi ba motoci, gine-gine rabi da rabi, da la'asar ta yi sai gari ya yi tsit kamar an yi shara. Yayyenmu maza duk sun kama gabansu, saura mu huɗu a gidan: Baba, Mama, ni, da autarmu wadda take tsakiyar sakandare. Mama ce kaɗai take murna da wannan ƙaura, saboda ita 'yar Jiwa ce, wani gari a gefen Abuja, ta dawo kusa da mahaifiyarta bayan shekaru masu yawa.

Ƙanwata irin yaran nan ce da iyaye suke kafa misali da su. Tun tana ƙarama ba ta yarda a taɓa mata jerin takalmanta, idan ta yi kuskure ɗaya a shafi sai ta yage shi ta sake daga farko, idan ta zo ta biyu a aji sai ta yini tana kuka. Ban taɓa ganin aibin haka ba, don ni ma haka nake, Mama ma haka take, tana iya komawa ta duba ƙofa sau da yawa kafin mu fita unguwa. A Legas tana da ƙawaye, tana da jiki mai kyau, kumatu cike. Ranar da muka kai ta wajen tela a kasuwar Garki don ɗinkin kayan sabuwar makaranta, yana awo yana zolayarta, wai wannan 'yar Legas sai an ƙaro yadi, ko tuwon gidan duka ita ake tura wa. Na yi dariya, Mama ma ta yi. Ita ba ta yi ba. Ba zan ce maganar tela ce ta jawo ciwon ba, likita ma daga baya ya hana mu ɗora wa abu ɗaya laifi. Amma har yau idan na tuna da dariyar nan tawa sai in yi nadama.

Da azumi abin ya shigo gidanmu, shi ya sa babu wanda ya tare shi a ƙofa. Bayan sallar azumi ta yi Sitta Shawwal, muka yaba. Ta ɗora da Litinin da Alhamis, muka ƙara yabawa. Sai ta ce tana da ramuwa, ramuwar da ba ta ƙarewa. Daga nan sai azumin yau a yi gobe a huta. Maƙwabta suka sa mata suna Ustaziya, Baba yana faɗa wa abokansa da alfahari cewa Abuja ta karɓi autarsa, ta zama malamar gida. Ita ce kuma ta karɓe girki daga hannun Mama. Ta iya miyar kuka, ta iya taushe, ta koyi wainar shinkafa, tana tsayawa a kanmu tana tambaya ko gishiri ya ji, tana ƙara mana tun ba mu nema ba. Wa zai zargi mai azumi, wa zai zargi mai girki da rashin cin abinci?

A gidanmu, kamar yawancin gidaje, Baba shi kaɗai yake ci a falo cikin kwanonsa masu murfi, mu mata kuma mu zauna a tabarma mu sa hannu a tire ɗaya. Mama tana ɗaukar wannan da muhimmanci ƙwarai, takan ce 'yan'uwan da suka ci a kwano ɗaya ba sa rabuwa. A tire ɗaya kuwa babu wanda ya san abin da wani ya ci, abin da ake gani kawai shi ne an cinye. Ƙanwata takan gutsuri tuwo ta mulmula, ta daɗe tana juya shi a cikin miya, ta kawo wani labari, kafin a ankara lomar ta koma gefena. Naman da Mama ta tura mata yakan dawo gabana ban san lokacin da ya dawo ba. Ni kuwa ga zaman banza ga damuwar rashin aiki, sai in cinye. A watannin nan na yi ƙiba har zannuwana suka matse ni, ana ta yi mini barka da shan iskar Abuja. Rabon ƙanwata nake ci, ina zaune gwiwa da gwiwa da ita.

Ba zan ce ban ga komai ba. Ɗaki ɗaya muke kwana. Na ga tana sa rigar sanyi a cikin zafin bazara, na ga gashinta yana zuba a matashi, na ga tana zumbula manyan riguna da babban mayafi har a cikin gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata da watanni sun wuce ban ga ta yi fashin salla ba, alhali na san ta riga ta fara al'ada tun muna Legas. Na san wannan ba daidai ba ne, karatuna ya isa ya gaya mini haka. Amma sai na riƙa ce wa kaina wataƙila sauyin wuri ne, wataƙila girma ne, wataƙila idan na yi magana a ce ina hana yarinya ibada don na yi boko. Sau ɗaya na tambaye ta a hankali ko lafiya take. Ta dube ni ido cikin ido ta ce lafiyarta ƙalau, in ji da kaina, ni da na kusa fasa kujera. Na ji kunya, na ce wa kaina bari in ƙara lura tukuna, kada in tayar da hankalin iyayena a kan abin da ban tabbatar ba.

Da kaka ta yi, muka je Jiwa gaishe da kakarmu. Tsohuwa ce mai barkwanci, Hausarta ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, kullum tana tsokanarmu wai 'yan Legas garin rogo ya hana mu wayo. Ranar an haƙo doya, tsakar gida cike da dawa ana shanya. Ta tare ni da wasa kamar yadda ta saba, ta ce ga shi na fara zama mutum. Da ta juya ga ƙanwata sai wasan ya tsaya. Ta kama hannunta ta ji sanyinsa, ta ture hannun rigar sama, ta shafa wani lallausan gashi da ya fito mata a damtse, wanda ni ban taɓa lura da shi ba. Ta kira ƙanwata da wani suna da ba nata ba, sunan da ban taɓa ji ba, ta tambaye ta me ya dawo da ita, me take nema kuma. Mama ta miƙe a fusace ta ce tsufa ya fara taɓa Kaka, ta tattara mu muka kama hanya ko ruwa ba mu gama sha ba. A mota na so in tambayi Mama, na sake cewa ba yanzu ba.

Ba a yi nisa ba ƙanwata ta faɗi. Da hantsi ne, famfo ya ɗauke, tana hawowa bene da bokitin ruwa, sai muka ji ƙarar bokiti yana gangarawa. Ni na ɗauke ta. Ban taɓa manta rashin nauyinta ba, kamar na ɗauki damin kara. A asibiti da aka cire mata manyan rigunan nan Mama ta juya baya ta toshe baki. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka shiga gwaji: zazzaɓin cizon sauro, taifod, tarin fuka, ciwon suga, har da cutar nan mai karya garkuwar jiki da a lokacin ake raɗe-raɗinta, wadda na san wasu maƙwabta sun riga sun yanke mana hukunci da ita. Duk ba a sami komai ba sai yunwa. Baba ya yi faɗa, ya ce ta yaya za a ce 'yarsa tana da yunwa alhali buhun shinkafa yana jingine a gidansa. Da aka ce a kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa ya ƙara hawa, ya ce bai haifi mahaukaciya ba. Sai da likitan da ya kwantar da ita ya gaya masa a fili cewa bugun zuciyarta ya yi rauni, kuma idan aka ci gaba a haka zuciyar tana iya tsayawa, sannan ya sauko.

Likitan da aka tura mu wajensa dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce ba yarinyar kaɗai yake son gani ba, duk gidan yake so. Ya kira ciwon da sunansa na asibiti, anoreksiya, ya ce ciwo ne da yake sa mutum tsoron abinci da tsoron ƙiba har ya kasa ganin ramar da kowa yake gani, ba taurin kai ba ne, ba kuma tsoron Allah ba ne ya yi yawa. Sai ya tambaya ko an taɓa samun mai irin wannan a dangi. Baba ya ce sam. Mama ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ina ta auna ko ya dace, ko rashin kunya ne in tona abin da uwata ta rufe. A karo na farko a rayuwata na yi magana ban tabbatar ba. Na ce akwai wani suna da Kaka ta kira a Jiwa.

A nan Mama ta fashe da kuka ta ba da labarin da ko Baba bai sani ba. Tana da yaya mace, wadda ba a taɓa gaya mana sunanta ba, an dai ce mana ta rasu da ciwon ciki tun suna yara. Ashe ba haka ba ne. Yarinya ce mai tsafta da ƙwazo, ba a gyara mata aiki. Da ta fara zama budurwa sai ta daina cin abinci, tana daka, tana girki, tana rabawa, ita ba ta ci. Da ramar ta yi yawa aka ɗauka tarin fuka ne ko iska, aka ji tsoron kada ta shafa wa sauran yara. Sai aka raba mata kwano, aka ware mata ɗaki a bayan gida. Mama, tana ƙarama a lokacin, ita ake aika ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta gudo, da yamma ta je ta ɗauko shi yadda ta kai shi. A shekarar da rumbunan gidan suka fi kowace shekara cika ta rasu. Likita ya saurara har ta gama. Ya ce ba zai iya rantsewa ciwo ɗaya ne ba tunda bai ga marigayiyar ba, amma ya yi kama ƙwarai. Ya ce abin da aka fahimta shi ne ba ciwon kansa ake gada kai tsaye ba, sai dai wasu iyalai suna gadon halin da yake buɗe masa ƙofa, irin yawan damuwa da son komai ya cika cif, sai wani sauyi ko wata magana ta zo ta tura ƙofar. Yana faɗa ina kallon Mama, ina kallon kaina. Na karanta gadon halitta a aji na ci jarrabawa, ban taɓa zaton a tabarmar gidanmu zan gan shi ba.

Maganin da ya ba mu ya fi kowace ƙwaya wuya. Ya ce abinci ne maganinta, mu ne kuma masu ba da shi. A dakatar da azumin nafila, a fitar da ita daga kicin, a zuba mata nata a farantinta daban don a san abin da ya shiga cikinta, kuma iyayenta biyu su zauna da ita a kowane ci har ta gama, ba duka, ba zagi, ba kuma sassauci. Batun azumi bai yi wuya ba, Baba ya je wajen limamin unguwarmu, shi kuma ya zo har gida ya gaya mata cewa jiki amana ne, ba a neman lada da abin da zai halaka shi. Batun faranti ne ya tsaya. Mama ta ce sai dai bayan ranta. Ta ce ta taɓa kai kwanon da aka raba, ta ga inda ya ƙare, ba za ta raba wa 'yar cikinta kwano ba. Kaka ma ta aiko daga Jiwa cewa kada a kuskura, marigayiya ce take kiran yarinyar, a kawo ta a yi mata turare. Muka dawo da ƙanwata gida, aka ajiye tire kamar kullum, na zuba ido na ga lomar tana dawowa gefena. Na janye hannuna na kasa ci.

Washegari da rana sai ga Baba ya dawo daga ofis, abin da bai taɓa yi ba, da kwali a hannu. Faranti huɗu ne iri ɗaya ya sayo a kasuwa. Ya cire takalmi da hula, ya naɗe ƙafar wando, ya zauna a tabarmarmu. Tunda nake ban taɓa ganin mahaifina ya ci abinci a gaban mata ba. Ya ce wa Mama ba za a raba wa auta kwano ba, kowa za a raba wa, har shi, kuma duk a tabarma ɗaya, gwiwa tana taɓa gwiwa. Ya ce waccan a bakin ƙofa aka ajiye mata aka gudu, wannan kuwa babu mai tashi. Mama ta daɗe tana kallon farantan nan. Sannan ta ɗauki mara ta zuba, ta fara da nasa.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan sai daɗi. Watannin da suka biyo baya su ne mafi muni da na sani. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba ta riƙa ihu, tana cewa mun haɗa kai za mu mayar da ita buhu, ta kira ni munafuka mai kai rahoto. Ta fasa faranti, Baba ya sayo wani. Tuwo yakan huce, a ɗumama, ya sake hucewa, muna zaune. Baba yakan ba ta labarin yadda ya fara zuwa Legas da akwatin ƙarfe a ka, ya ɓata a tasha, ya maimaita har muka haddace, tsakanin labari da labari ya ce saura loma ɗaya, auta. A ofis abokansa suna tsokanarsa, wai oga ya koma cin tuwon rana da mata, ko an wanke an ba shi ne. Yakan ce an ba shi, ya kuma shanye. Aikina shi ne in zauna da ita bayan an gama don kada ta shiga bayi ta amayar. Akwai ranar da ta kwantar da kanta a cinyata ta ce ba wai ba ta jin yunwa ba ne, wata murya ce a cikin kanta take ce mata idan ta ci ta lalace, ta gaji da muryar amma tana tsoron rabuwa da ita. Muna komawa wajen likita ana auna ta, wani zuwan a ci gaba, wani a koma baya. Ranar da ta raɗa mini cewa yau ba za ta yi salla ba, na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun faɗuwarta.

Ta rayu, alhamdu lillahi. Ta yi karatu, ta yi aure, tana da 'ya'ya. Ba zan ce ta warke sarai ba, ita ma ba ta cewa haka. Takan ce muryar tana leƙowa idan hankalinta ya tashi, sai dai yanzu ta san ta. Baba da Kaka sun riga mu gidan gaskiya. Mama har yau da ƙyar take iya kiran sunan yayarta, kuma ni kaina nakan ga wannan baiwar Allah da ban taɓa sani ba, zaune a bayan ƙofa da kwano a gabanta. Ina da 'ya yanzu wadda take yage shafi idan ta yi kuskure. Wataƙila ba komai ba ne, yawancin masu irin halin ba sa kamuwa da komai, haka likitoci suka gaya mini. Duk da haka na ba ta labarin nan tun da wuri, ita da 'yan'uwanta, don kada su taso cikin duhun da muka taso.

Abin da nake roƙon iyaye da yayye shi ne kada su bari kyakkyawan suna ya rufe musu ido. Ibada abu ne mai kyau, ci a kwano ɗaya ma haka, amma a ƙarƙashinsu ƙanwata ta kusa tafiya muna yaba mata. Idan yarinya ko yaro yana ramewa, yana ciyar da kowa shi ba ya ci, yana jin sanyi cikin zafi, a kai shi asibiti, kada a tsaya jiran tabbas kamar yadda na tsaya. A daina ɓoye wa 'ya'ya ciwon da ya taɓa kashe wani a dangi, domin da mun san labarin yayar Mama da wataƙila mun gane da wuri. Idan kuma ciwon ya zo, kada a miƙa wa likita shi kaɗai a koma gefe, a zauna da mai shi. Bara da salla muka haɗu a gidan Mama, jikoki suka nace sai an zuba a tire ɗaya irin na da. Muna ci, ƙanwata ta ɗaga lomarta ta nuna mini kafin ta kai baki, ta ce in kwantar da hankalina in ci nawa, ita ta daɗe da girma. Na duba gabana, ashe ko gutsura ban yi ba, hannunta nake kallo tun da aka ajiye tiren.